Waye ya wargaza Yugoslabiya, 'yan gida ko manyan ƙasashe?

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da magana ga masana tarihi na gidan nan. Ni a fahimtata Yugoslabiya ba rushewa tayi da kanta ba, rusa ta akayi. Ƙasa ce da Turawan yamma suka kasa juyawa, Stalin na Tarayyar Sobiyet ma ya gwada a 1948 shugaban Yugoslabiya Tito yaƙi bashi kai, a Belgrade babban birninta akayi taron farko na ƙasashen 'yan ba-ruwanmu a 1961, ga Nasser ga Nehru ga Nkrumah ga Sukarno, amma ana gama yaƙin cacar baka sai gata ta tarwatse, yau ƙasa bakwai ce in ka ƙirga da Kosovo. Haka kawai? Ruwa baya tsami banza. Ni nace Jamus da Amurka ne, mai ja ya fito mu tattauna.

Malam Na-Zariya: Wa alaikumus salam. Ɗan Fagge ka kama labarin daga tsakiya. Kafin Jamus ta ce uffan gidan ya riga ya ɗau zafi. Jamhuriyoyi shida ne a tarayyar, Sabiya, Kuroshiya, Sulobeniya, Bosniya, Masedoniya da Montenegro, sannan a cikin Sabiya akwai larduna biyu masu cin gashin kai, Kosovo da Vojvodina. Kundin tsarin mulkin 1974 ya sakar wa kowace jamhuriya ragama har ta kai gwamnatin tsakiya ba ta iya yanke wani babban hukunci sai kowa ya yarda. Lokacin da Tito ke raye ba a ji a jiki ba saboda shi ne mai raba gardama, da ya rasu a watan Mayun 1980 sai shugabanci ya koma karɓa-karɓa na shekara guda-guda. Ga bashin waje kusan dala biliyan 20, ga tsuke bakin aljihu, ga matasa ba aikin yi, a 1989 hauhawar farashi ta wuce kashi dubu. Sulobeniya da Kuroshiya masu ɗan arziki suna ƙorafin kuɗinsu ake kwasa ana kaiwa kudu, Sabiyawa kuma suna ƙorafin an yanka musu jamhuriya gida uku. A cikin wannan yanayi shugaban Sabiya Milosevic ya taso, a 1989 ya ƙwace cin gashin kan Kosovo, ya ɗora mutanensa a Vojvodina da Montenegro, wato ƙuri'a huɗu cikin takwas na majalisar shugabanci sun dawo aljihunsa. Kai in kai ne ɗan Sulobeniya za ka zauna? A watan Janairun 1990 wakilansu suka tashi suka fice daga babban taron jam'iyyar kwaminis, na Kuroshiya suka bi su. Ba Bajamushe ko ɗaya a ɗakin.

Ɗan Fagge: Malam ai kai da bakinka ka faɗa, bashi. Waye ya bada bashin, waye ya gindaya sharuɗɗan? IMF ce, asusun bada lamuni na duniya. Ita 'yar gida ce?

Malam Na-Zariya: Nan na ba ka, amma da gyara. Lokacin cacar baka yamma tana lallaɓa Tito ne saboda shi katanga ne tsakaninsu da Tarayyar Sobiyet, bashi yana zuwa da sauƙi. Da katangar Berlin ta faɗi a 1989 sai darajar Yugoslabiya ta faɗi a idonsu, hankali ya koma Poland da Hungary da haɗewar Jamus. Firaminista na ƙarshe Ante Markovic mutum ne da ya yi ƙoƙari da gaske, ya ɗaure kuɗin ƙasar da kuɗin Jamus, farashi ya lafa, mutane suka fara ganin haske, ya nemi tallafi a waje bai samu abin kirki ba. To wannan laifin sakaci ne da juya baya, ba shirin rusawa ba. Hujjata ita ce ranar 21 ga Yunin 1991 sakataren harkokin wajen Amurka James Baker ya je Belgrade da kansa ya gaya wa shugabannin Sulobeniya da Kuroshiya cewa Amurka ba za ta amince da ɓallewar gaban kai ba. Kwana huɗu bayan nan suka ɓalle. Mai son rusa ƙasa ba ya zuwa ya hana masu ɓallewa.

Maman Hanifa: Malam ni a ganina ziyarar Baker ɗin ma ɓarna tayi ta wata fuskar. Janar-janar na sojan tarayya abinda suka ji shine Amurka tana son ƙasa ɗaya kuma bazata turo soja ba, to me zai hana su fito da tankoki? Ya faɗi abinda baya so amma bai faɗi abinda zai yi ba in an ƙi ji, kowa ya fassara yadda ya dace dashi.

Bazamfare: Ku bar batun Baker, Jamus ce uwa uba wlh. Ranar 23 ga Disamban 1991 shugaban gwamnatin Jamus Helmut Kohl da ministansa Genscher suka amince da Kuroshiya da Sulobeniya basu jira kowa ba, alhali Lord Carrington da yake shiga tsakani ya gargaɗe su, sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya Perez de Cuellar ya gargaɗe su cewa wutar zata tsallaka Bosniya, kwamitin lauyoyi na Badinter da Turai ta kafa da kanta yace Sulobeniya da Masedoniya ne suka cika sharuɗɗa ita Kuroshiya da saura akan haƙƙin tsiraru, amma 15 ga Janairun 1992 sauran Turai suka bi Jamus suka amince da Kuroshiya suka bar Masedoniya a rataye saboda Girka tana rigima akan suna. Fadar Paparoma ma ta riga su da kwana biyu. Kuma kar ku manta a yaƙin duniya na biyu Jamus ce ta kafa gwamnatin Ustasha a Kuroshiya wadda ta kashe Sabiyawa da Yahudawa da Romawa a sansanin Jasenovac, to Basabiye da ke zaune a yankin Krajina na Kuroshiya da kakansa ya mutu a can yaya zai ji in yaga Jamus ta sake tsayawa bayan Kuroshiya, ga shugabanta Tudjman ya sauya kundin mulki ya maida su tsiraru ana korarsu daga aikin ɗan sanda.

Maman Hanifa: Bazamfare duk abinda ka lissafa haka ne amma ka duba kwanan wata. Garin Vukovar na Kuroshiya ya faɗi 18 ga Nuwamban 1991 bayan kusan wata uku ana masa luguden atilare, aka kwashe mutane sama da 200 daga asibiti aka kai su gonar Ovcara aka kashe. Dubrovnik ma an fara mata ruwan wuta tun Oktoba. Duk wannan kafin amincewar Jamus ne da wata guda ko fiye. To ta yaya abinda yazo daga baya zai zama sanadin abinda ya riga shi? Hasali ma bayan amincewar ne aka tsagaita wuta a Kuroshiya a Janairun 1992. Inda nake tare da kai shine Bosniya, nan kam gaggawar Jamus ta jefa shugaban Bosniya Izetbegovic a tsaka mai wuya, ko ya zauna a ragowar Yugoslabiya ƙarƙashin Milosevic yana kallon abinda ake wa Albaniyawan Kosovo, ko ya ɓalle ba tare da soja ba. Turai tace masa kayi ƙuri'ar raba gardama zamu amince da kai, yayi a ƙarshen Fabrairun 1992, Sabiyawan Bosniya suka ƙaurace, aka amince dashi 6 ga Afrilu Amurka ta biyo washegari, shikenan aka bashi tuta da kujera a Majalisar Ɗinkin Duniya aka hana shi bindiga.

Auta: Anti Maman Hanifa dan Allah kamar ya aka hana shi bindiga? Ba ƙasa ce mai 'yanci ba?

Tsohon Soja: Auta bari ni in amsa maka wannan don fannina ne. Watan Satumban 1991 Kwamitin Sulhu ya zartar da ƙuduri mai lamba 713, takunkumin makamai akan Yugoslabiya gaba ɗaya. A takarda adalci ne, kowa an hana shi. A ƙasa kuma fa? Sojan tarayya yana cikin manyan rundunonin Turai a lokacin, tankoki, jiragen yaƙi, atilare, rumbunan harsashi na shekara da shekaru, kuma zuwa lokacin duk ya koma hannun Belgrade. Tun 1990 sun bi sun kwashe makaman dakarun tsaron jamhuriyoyi sun kulle a barikinsu. Watan Mayun 1992 akace sojan tarayya ya janye daga Bosniya, amma abinda akayi shine duk sojan da yake Basabiye haifaffen Bosniya an barshi a wurin da kayan aikinsa, aka sauya musu suna aka ɗora Ratko Mladic, albashin hafsoshi yana zuwa daga Belgrade. Kuroshiya tana da gaɓar teku da iyaka da Hungary tana iya fasa-ƙwauri, Bosniya a tsakiya take ba ta inda abu zai shigo sai ta hannun maƙwabtan da suke son cinye ta. Kamar mai rabon faɗa ne yazo ya riƙe hannun wanda bashi da komai ya bar mai gora yana ta jibga, in ka yi magana yace ai shi ba ya goyon bayan kowa.

Ka duba Sarajevo, birnin da ya karɓi gasar Olamfik ta hunturu a 1984. A kwari yake, duwatsu sun zagaye shi, sojan Sabiyawan Bosniya suka jera manyan bindigogi a saman duwatsun tun Afrilun 1992 har farkon 1996. Mutum zai ɗau jarka ya tafi ɗibar ruwa sai ya tsaya a bakin titi ya jira ya ja numfashi sannan ya sheƙa a guje saboda maharba na saman benaye. Filin jirgin sama yana hannun sojan Majalisar Ɗinkin Duniya, abinci yana sauka amma mutanen gari basu da izinin ficewa ta nan, dole a 1993 suka haƙa rami ta ƙarƙashin filin jirgin, tsawonsa wajen mita 800, mutum baya iya miƙewa tsaye a ciki sai a sunkuye, wani lokacin ruwa har gwiwa, ta nan ake shigo da harsashi da fulawa da man fetur ake fita da masu rauni. Babban birnin ƙasa da duniya ta amince da ita kenan. Bataliyar Najeriya ma tana cikin dakarun kiyaye zaman lafiya da aka fara kaiwa Kuroshiya a 1992, kuma duk sojan da ya taɓa sa shuɗiyar hula zai gaya maka babu aikin da yafi cin rai kamar a turaka kiyaye zaman lafiyan da babu shi.

Auta: Innalillahi. To Baba me yasa basu ɗage takunkumin ba da suka ga haka?

Ɗan Maradi: Ingila da Faransa ne suka tsaya kai da fata. Sojojinsu ne mafi yawa a ƙasa cikin dakarun Majalisar, suna tsoron in aka ɗage ko aka kai hari ta sama Sabiyawa zasu huce akan yaransu, kuma hakan ta faru, a watan Mayun 1995 bayan NATO ta kai ɗan hari aka kama sojojin Majalisar ɗaruruwa aka ɗaure wasu da ankwa a jikin rumbunan makamai aka nuna a talbijin. Gwamnatin John Major ta Ingila tana cewa ƙarin makamai ƙarin gawa ne kawai. Rasha kuma tana da kujerar na-ƙi kuma Sabiyawa 'yan uwanta ne ta addini da yare. Clinton yana son a ɗage a kai hari ta sama amma baya son turo sojansa ko ɗaya, sai Turawa suce masa kai da baka da kowa a ƙasa sauƙin magana gareka. Shekara uku ana wannan jan-in-ja. Shirin masu shiga tsakani Vance da Owen na 1993 da zai raba Bosniya larduna goma Amurka ta ƙi bashi ƙarfi tace yana saka wa masu kisa, Sabiyawan Bosniya suka yi fatali dashi, daga ƙarshe abinda aka sa wa hannu a 1995 yafi shi raba ƙasar, bayan ƙarin dubban rayuka.

Ɗan Fagge: To kun gani. Kuma akwai maganar Lisbon, Maris 1992 dukkan ɓangarori uku sun sa hannu akan shirin mai shiga tsakani na Turai Cutileiro na raba Bosniya yankunan ƙabilu tun kafin yaƙin ya ɓarke, jakadan Amurka Warren Zimmermann ya gana da Izetbegovic sai ya janye sa hannunsa. In ba Amurka ba da ba'ayi yaƙin ba kwata-kwata.

Malam Na-Zariya: Ganawar ta faru kuma janyewar ta faru, amma Zimmermann ya musanta cewa shi ya zuga shi har ya mutu, kuma abin da aka amince a Lisbon ƙa'idoji ne, ba a daidaita kan taswira ba, alhali taswirar ita ce rigimar. Ƙidayar 1991 ta nuna Musulmi kusan kashi 44, Sabiyawa 31, Kuroshiyawa 17, kuma a cakuɗe suke ƙauye da ƙauye, bene da bene, ga auratayya musamman a birane. Ba yadda za ka ja layi ka ce nan na wane ne sai ka kori mutane. Sannan jagoran Sabiyawan Bosniya Karadzic tun Oktoban 1991 ya tsaya a majalisar dokokin Bosniya ya yi wa Musulmi barazanar za su iya ɓacewa, Milosevic da Tudjman kuma sun gana a Karadjordjevo tun Maris 1991, ganawar da mutane da dama na kusa da su suka ce batun raba Bosniya aka yi. Masu shirin yaƙi sun riga sun shirya, ba jakada suke jira ba.

Bazamfare: Ni abinda yake min ciwo ƙasashen Musulmi, taro kawai da bayani. Muna yara ana alƙunutu a masallatai ana jin Bosniya Bosniya a rediyo kullum.

Maman Hanifa: Ba taro kawai ba gsky. Iran ta shigar da makamai ta Kuroshiya, daga 1994 gwamnatin Clinton ta sani ta kau da kai, Kuroshiya tana cire nata kason kafin ta wuce da sauran. Saudiyya ta zuba kuɗi masu yawa, Pakistan da Malesiya da Masar da Jordan da Turkiyya da Bangladesh sun bada sojan kiyaye zaman lafiya. Amma mu faɗi gaskiya ko akanmu, su ma ƙasashen waje ne kuma kowa da abinda yake nema. Mayaƙan sa-kai da suka zo daga ƙasashen Larabawa wasunsu sun aikata ta'asa akan fursunoni, har kotun Hague ta yanke wa babban hafsan sojan Bosniya Rasim Delic shekara uku a 2008 saboda bai hana ba, kuma farfagandar Karadzic ta samu abinda take nema na cewa Turai suke karewa daga masu tsattsauran ra'ayi. Can ɓangaren Sabiyawa ma akwai 'yan sa-kai daga Rasha da Girka. Amma kar wani ya ɗauka ina daidaita laifi, a cikin mutum kusan dubu 100 da suka mutu a Bosniya mafi yawan fararen hula Musulmi ne, kuma wuri ɗaya kotunan duniya suka kira kisan ƙare dangi.

Tsohon Soja: Srebrenica. Hajiya nan ne ni nake kasa haƙuri. Afrilun 1993 Kwamitin Sulhu da kansa ya ayyana garin a matsayin tudun mun tsira, aka karɓi manyan makaman masu kare garin, aka ajiye bataliyar Holan 'yan ɗaruruwa da ƙananan makamai, man fetur ma Sabiyawa ke yanke ko ya shigo ko kar ya shigo. Da Mladic ya taho a Yulin 1995 kwamandan Holan ya nemi taimakon jirage, aka yi ta jan ƙafa a sama, da jiragen suka zo bam kaɗan suka jefa aka dakatar saboda an yi barazanar kashe sojojin Holan da aka kama. 11 ga Yuli gari ya faɗi. Dubban mutane suka gudu sansanin Majalisar a Potocari, tsohuwar masana'antar batir ce, Mladic yazo gaban kyamara ana raba wa yara alewa yana cewa kar kowa ya ji tsoro, bayan nan aka kawo motocin bas, mata da yara gefe guda maza gefe guda, a gaban sojan da aka turo ya kare su. Cikin 'yan kwanaki aka kashe maza da samari kusan dubu 8, daga baya aka zo da katafila aka tone ramukan aka rarraba gawarwakin wasu wurare don ɓoye shaida. Gwamnatin Holan ta Wim Kok tayi murabus a 2002 akan wannan. Ni bana ɗora wa ƙaramin soja na ƙasa duka laifin, waɗanda suka yi alkawarin kariya suka ƙi bada ƙarfin cika shi su ne a New York da London da Paris da Washington.

Ɗan Maradi: Kuma abinda zai baka mamaki da suka ga dama cikin wata huɗu aka gama. Agustan 1995 sojan Kuroshiya da wani kamfanin tsofaffin hafsoshin Amurka ya horar ya ƙwace Krajina cikin kwana huɗu, Sabiyawa tsakanin dubu 150 zuwa 200 suka bar gidajensu akan taraktoci da amalanke, tsofaffin da suka rage aka kashe da yawa aka ƙona ƙauyuka, yamma tayi shiru saboda ya dace da lissafinta. Ƙarshen watan bayan harin kasuwar Markale ta Sarajevo NATO ta fara ruwan bama-bamai akan Sabiyawan Bosniya, Nuwamba jami'in diflomasiyyar Amurka Richard Holbrooke ya kulle Milosevic da Tudjman da Izetbegovic a sansanin sojan sama a Dayton ta jihar Ohio sati uku, aka raba Bosniya kashi 51 ga Musulmi da Kuroshiyawa, 49 ga Sabiyawa, aka sa hannu a Paris 14 ga Disamba. Srebrenica kanta ta faɗa ɓangaren Sabiyawa.

Ɗan Fagge: Wannan ai shine maganata tun farko, a Ohio aka zana taswirar Bosniya.

Malam Na-Zariya: A'a, maganarka ta farko su suka rusa ta. Ni abin da nake cewa wutar 'yan gida suka kunna, amma wa zai samu makami, yaushe za a tsaya, a wane layi za a tsaya, waɗannan a waje aka yanke su, kuma kusan kowane karo wanda ya riga ya ƙwace da bindiga shi aka tabbatar wa. Ka duba Kosovo. Ibrahim Rugova ya yi shekaru yana jagorantar Albaniyawa ba tare da makami ba, an kore su daga aiki da makarantu sun buɗe nasu azuzuwan a gidajen mutane, aka je Dayton ko sunansu ba a sa a ajanda ba. Matasa suka duba suka ga Sabiyawan Bosniya da suka yi kisa sun samu rabin ƙasa, mai haƙuri bai samu komai ba. Daga 1996 mayaƙan KLA masu neman 'yantar da Kosovo suka fara kai hari, 1997 gwamnatin Albaniya ta rikice aka fasa rumbunan makamai bindiga ta yi araha, zuwa 1998 yaƙi ya kankama.

Bazamfare: Sai NATO tayi kwana 78 tana luguden wuta daga 24 ga Maris 1999 ba tare da izinin Kwamitin Sulhu ba, ta bugi gidan talbijin na Belgrade mutum 16 suka mutu, ta bugi ofishin jakadancin Sin mutum uku suka mutu akace kuskuren taswira ne, gadoji, tashoshin wuta, jirgin ƙasa da fasinja a ciki. Bayan nan Amurka ta gina ƙaton sansanin Bondsteel a Kosovo. 2008 Kosovo ta ɓalle suka amince, a shekarar Rasha ta amince da Abkhazia da Ossetia ta Kudu, 2014 Putin ya kafa hujja da Kosovo akan Crimea. Ƙofar da suka buɗe har yau bata rufu ba.

Maman Hanifa: To ya kake so ayi Bazamfare? A jira izinin da Rasha ta riga tace zata hau kujerar na-ƙi akansa? Mutanen da suka yi Vukovar da Srebrenica sune dai a Kosovo, Albaniyawa sama da dubu 800 aka kora zuwa Albaniya da Masedoniya cikin 'yan makonni ana ƙwace musu takardun shaida a bakin iyaka don kar su dawo. Yanzun nan muka gama zagin su akan sunyi jinkiri a Bosniya.

Bazamfare: Hajiya korar ta dubu 800 bayan fara bam ɗin ta tsananta ba kafin ba. Kuma da aka gama Sabiyawa da Romawan Kosovo aka kora su ma a gaban sojan NATO. Ni ban yarda tausayi ne ya kawo su ba, Ruwanda 1994 ina tausayin yake?

Maman Hanifa: Ban ce tausayi bane zalla. Nace da ni ce uwa a Pristina babban birnin Kosovo a 1999 bazan tambayi niyyar matuƙin jirgi ba.

Auta: Malam wannan bai yi kama da yaƙin basasan Najeriya ba? Naji ance Faransa ta taimaki Biyafara.

Malam Na-Zariya: Akwai kama ta fuska ɗaya. Faransa ta De Gaulle ta tura makamai ta Gabon da Kwaddibuwa amma ba ta taɓa amincewa da Biyafara a hukumance ba, ƙasashe biyar ne kawai suka amince, Tanzaniya, Gabon, Kwaddibuwa, Zambiya da Haiti, yayin da Ingila da Tarayyar Sobiyet duka suka tsaya bayan gwamnatin Gowon. Nauyin waje ya faɗa ɓangaren tarayya sai tarayya ta tsaya, a Yugoslabiya kuma ya rabu gida-gida. Amma mu bar wannan zuwa wani zama don yana da nasa zafin. Misalin da ya fi kusa shi ne Chekoslobakiya, ita ma tarayyar kwaminis ce, ta rabu 1 ga Janairun 1993 ba a fasa ko gilashi ba, saboda iyakar Chek da Sulobak a bayyane take, ba wanda yake da'awar garin wani, kuma soja bai zama na ƙabila ɗaya ba. Manyan ƙasashen nan dai su ne a duniya a lokacin.

Ɗan Fagge: Na ji Malam, amma har yanzu ban sauka gaba ɗaya ba. Bosniya fa ƙasa ce da har yau akwai Bature da ake kira Babban Wakili wanda ba wanda ya zaɓe shi amma yana iya tsige zaɓaɓɓen shugaba ya kafa doka, Babban Wakili Paddy Ashdown a rana ɗaya a 2004 ya kori jami'ai kusan 60, shugaban ƙasa mutum uku ne kowace ƙabila ɗaya, Bayahude ko Barome ɗan ƙasa bashi da ikon tsayawa takara, kotun haƙƙin ɗan adam ta Turai tace haramun ne tun 2009 har yau ba'a gyara ba, wannan kundin ba 'yan Bosniya suka rubuta shi ba a Dayton aka maƙala shi a jikin yarjejeniya.

Ɗan Maradi: Akwai wanda bamu taɓo ba, Masedoniya. Ita kaɗai ta fita ba'a yi jini ba a farko, shugabanta Gligorov ya lallaɓa sojan tarayya ya fice a 1992, kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta kai sojan riga-kafi bakin iyaka tun kafin a fara komai harda Amurkawa a ciki, shekara shida ana zaune ƙalau. Fabrairun 1999 Sin ta hau kujerar na-ƙi akan tsawaita aikinsu, makonni kaɗan bayan gwamnatin Masedoniya ta ƙulla hulɗa da Taiwan. Rigimar da take can gabashin Asiya ta cire sojan kiyaye zaman lafiya daga Balkan ana saura wata guda yaƙin Kosovo ya ɓarke, 2001 faɗa ya tashi a Masedoniya tsakanin gwamnati da mayaƙan Albaniyawa, sai dai wannan karon Turai da Amurka sun zo da wuri aka yi yarjejeniyar Ohrid cikin watanni.

Ɗan Fagge: Montenegro ma haka, 2006 Tarayyar Turai ta kafa sharaɗi tun kafin ƙuri'a cewa sai an samu kashi 55, aka samu 55.5, Sabiya ta karɓa ba'a harba ko harsashi ɗaya ba. Kenan tun 1991 zasu iya kafa ƙa'ida ɗaya su tsaya akanta.

Maman Hanifa: A 2006 Milosevic ya shekara biyar da faɗuwa, mutanen Sabiya da kansu suka tumɓuke shi a Oktoban 2000, kuma ya mutu a gidan yarin Hague wata biyu kafin ƙuri'ar. Tudjman ya mutu tun 1999, Karadzic da Mladic suna ɓoye ana nemansu. A 1991 duk su huɗun suna kan ganiyarsu, Milosevic kuma shi ke riƙe da tankokin.